Malama Sailuba, Mai Mayar wa Kowa Sunansa

Mutanen Ƙofar Jatau sun san lokacin fitowarta. Idan masu ƙosai suka ɗora kasko na biyu, 'yan makaranta suka fara cika lungu, za ka ga Malama Sailuba Mika'ilu ta ratso da mayafinta ruwan toka, tsohuwar jakar fata a kafaɗa, tana gaisawa da dattawan da ke zaune a dakali. A bakin titi take hawa keke napep, ta fita bayan ganuwa, ta sauka gaban wani gini mai hawa ɗaya. A ɗaki na ƙarshe, wanda tagarsa ke kallon bishiyar darbejiya, nan ne ofishin wata mujallar nazarin harkar koyarwa, wadda ƙungiyar malaman manyan makarantu ke fitarwa sau biyu a shekara. Shekara talatin da uku ke nan tana buɗe wannan ɗakin. A ƙarshen watan nan za ta miƙa mabuɗi.

Aikinta ba ya cikin ayyukan da ake ba yara labari. Duk maƙalar da masani ya rubuta, a ƙarshenta akwai jerin littattafai da takardun da ya dogara da su, wanda ake kira manazarta. Shi ne shafin da masu karatu ke tsallakewa. Ita kuwa da shi take farawa. Za ta ɗauki maƙala ta juya ta baya, ta bi sunaye ɗaya bayan ɗaya: sunan mahaifi a gaba, waƙafi, harafin farko na sunan yanka, shekara a cikin baka biyu, sunan littafi a karkace, sannan maɗaba'a. Daga nan ta koma cikin maƙalar, ta tabbatar duk wanda aka ambata a ciki yana cikin jerin, kuma duk wanda ke cikin jerin an ambace shi a ciki. Idan marubuci ya ce ya ɗauko magana daga shafi na arba'in, ba ta yarda sai ta buɗe shafi na arba'in da hannunta.

An sauya ƙa'idar tsara manazarta sau uku tana kan kujerar nan. Kowane karo sai ta nemo sabon littafin ƙa'idar, ta karance shi da fensir a hannu, ta taƙaice shi a takarda biyu, ta manna a ƙofa don masu kawo maƙala. Da yawansu ba sa karantawa. Ba ta taɓa cire takardar ba.

A gida ta gaji wannan hali. Mahaifinta, marigayi Malam Mika'ilu, mai kwafar littattafai ne da alƙalami da tawada a zauren gidansu. Idan ya gama kwafa, sai ya rubuta sunan mawallafi, da sunan wanda aka aro littafin a wajensa, can ƙasa kuma ya sa nasa da ƙananan baƙaƙe. Ta taɓa tambayarsa tana yarinya, me ya sa yake wahalar da kansa da sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa? Ya ce mata, "Ai su ne suka yi wahalar, Sailuba. Ni ɗauko ta kawai na yi."

Ta shigo ofishin mujallar a matsayin mai buga tafireta, da takardar shaidar makarantar koyon sakatariya kawai. Ba wanda ya ce ta duba manazarta. Tana cikin bugawa ne take ganin an rubuta sunan mutum ɗaya iri uku a maƙala guda, sai hannunta ya ƙi ci gaba. Ta fara gyarawa a ɓoye, sannan ta fara tambaya, har editocin suka saba: ba a kai mujalla maɗaba'a sai Sailuba ta ce an gama.

Malama Sailuba, ke ce wadda farfesoshi ke rage murya idan sun zo ƙofarki. Ke ce mai mayar da maƙala sau uku saboda shekara guda da ta saɓa, ba tare da kin taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Mun ga masu digiri uku sun fito daga ɗakinki suna share gumi, kuma mun ga sun dawo da maƙala ta gaba, domin sun san abin da ya bi ta hannunki ba ya ba mutum kunya a waje.

Ko a bara, wata matashiyar malama ta kawo maƙala da manazarta ashirin da biyu, tsaf da su, babu waƙafin da ya kauce. Tsaftar ce ma ta sa Malama Sailuba ta tsargu. Ta nemi littattafan, bakwai daga ciki babu su a duniya. Manhajar nan ta waya mai rubuta wa mutum duk abin da ya tambaya ce ta ƙirƙiro su. Da an kai maganar gaban kwamitin ladabtarwa, da aikin yarinyar ya shiga haɗari. Sai ta kira ta, ta rufe ƙofa, ta ce, "Zauna, 'yata. Wannan littafin, da idonki kika gan shi?" Malamar ta sunkuyar da kai. Mako uku tana zuwa bayan tashi daga aji, suna neman madogara ta gaskiya tare. Ba daga bakin Malama Sailuba muka ji labarin ba. Ita malamar ce ke ba ɗalibanta shi yanzu, da sunanta da komai.

Amma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a yau ya faru ne shekara huɗu da suka wuce.

Wani malami mai suna Dakta Muhsin ya kawo maƙala a kan koyar da karatu ga 'yan aji ɗaya a makarantun da ba su da littattafai. Dabarar da ya yi nazari a kai sananniya ce ga masu wannan fanni: a tara marafan kwalaben lemo, a rubuta baƙi ko wasali a cikin kowanne, a zube wa yara a tabarma su riƙa haɗa gaɓoɓi da hannunsu. Kowa na kiranta dabarar Bashir, domin Farfesa Bashir ne ya fara rubutu a kanta a shekarar 2003. Kuma Farfesa Bashir ɗin, a lokacin da muke magana, shi ne babban editan mujallar, wato maigidan Malama Sailuba a wajen aiki.

Kamar kullum, ta ɗauko tsohuwar fitowar daga kanta don ta tabbatar da lambar shafi. Lambar daidai take. Sai idonta ya sauka ƙasan shafin, a kan wani ɗan layi da ƙananan haruffa: "An ga ana amfani da wannan dabara a ajin wata malama a Tudun Jukun."

Ta daɗe tana kallon layin. Ta tuna shi sarai, domin ita ta buga shi. Ta tuna cewa a wancan lokacin ta ɗaga kai za ta ce, "Wace malama?" sai ta ga girman mutumin da ƙanƙantar kujerarta, ta haɗiye tambayar. Shekara goma sha takwas, masu rubutu suna ɗaukar dabarar daga hannu zuwa hannu, ɗan layin nan ya faɗi a hanya, malamar ta ɓace gaba ɗaya.

Washegari ta nemi izinin rabin yini, ta tafi Tudun Jukun. Makarantun firamare uku ta shiga. Shugabannin duk sababbi ne, babu wanda ya san zancen. A ta ukun, tana shirin fita, wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa a bakin ƙofa ta ji tana maimaita tambayar, ta ce, "Malama mai marafai kike nema? Safiyatu ke nan. 'Ya'yana huɗu ita ta koya musu karatu. Har ni nan na sha tsinto mata marafai a kasuwa. Ta yi ritaya tuntuni, tana wajen ɗanta a Kufena."

A Kufena, a wani gida da ke fuskantar dutse, ta tarar da Malama Safiyatu Audu zaune a inuwa tana tsince wake. Ta haura saba'in, idonta ya fara rauni, amma bakinta garau. Bayan gaisuwa, Malama Sailuba ta faɗi abin da ke tafe da ita. Tsohuwar ta yi dariya har da tafa hannu.

"Marafai? Ƙanwata, ai ba wata dabara ba ce, rashi ne. Yara saba'in, littafi shida. Me zan yi? Na ga suna wasa da marafai a ƙasa, na ce to, bari wasan ya zama karatu."

"Kin taɓa rubuta shi a wani wuri, Malama?"

"Da na koma ƙaro karatu, a kansa na yi kundin kammalawa. An ba ni maki, an ajiye. Ina jin gara ta cinye kwafin da ke wajensu."

Ta sa aka jawo mata wata akwatin ƙarfe daga ɗaki. A ƙarƙashin zannuwa ta zaro kundi mai shuɗin bango, takardun sun yi ja, bugun tafireta ne na shekarar 1988. Malama Sailuba ta buɗe shi a kan cinyarta. Komai na ciki: yadda ake raba marafai, da gaɓar da ake farawa da ita, da sunayen yara talatin da aka gwada, da sakamakon kowannensu wata bayan wata. Ta roƙi a ba ta aro. Tsohuwar ta ce, "Ɗauki. Amma ki dawo min da shi, shi ke nan abin da nake da shi na shaidar na taɓa yin boko."

Ranar Litinin ce. Ranar Alhamis ya kamata mujalla ta tafi maɗaba'a. Shi kuwa Dakta Muhsin yana jiran wannan fitowar kamar ruwan sha, domin kwamitin ƙarin girma zai rufe karɓar takardu a ƙarshen wata, kuma sai da bugaggen kwafi a hannu. Idan ya rasa, sai baɗi.

Shi ta fara kira. Ya saurara a tsaye, bai ko zauna ba.

"Malama, don Allah. Refarens ne fa kawai. Ki ƙara layi ɗaya a ƙasa mu wuce."

"Ba na saka wa mutum madogarar da bai karanta ba, Dakta. Ga kundin, shafi sittin ne. Ka karanta."

"Kin san shekara nawa nake jiran wannan ƙarin girman?"

"Na sani. Ita kuma shekara talatin da uku ke nan da ta rubuta wannan, ba ta ma san ana jira ba."

Ya ɗauki kundin ya fita, bai yi sallama ba. Da yamma ya dawo da shi, fuskarsa ta sauya. Abubuwa biyu da ya rubuta a maƙalarsa a matsayin sabon binciken da ya gano, ya same su a shafi na talatin da takwas na kundin, an rubuta su tun yana firamare. Ya ce a hankali, "Sai na sake rubuta kashi na uku gaba ɗaya." Ta ce, "Ka rubuta. Ni zan ji da maɗaba'a."

Saura mai wuyar. Ta gaya mana daga baya cewa a safiyar Talata sau biyu tana zuwa ƙofar Farfesa Bashir tana juyawa. Mutum ne mai kirki, amma sunansa a fannin nan a kan dabarar ya tsaya. Da ita ake gabatar da shi a taruka. Ita kuwa mai buga takarda ce da saura 'yan shekaru ta yi ritaya, kuma kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a mayar da ita wani ofishin. A karo na uku ta yi sallama ta shiga. Ta ajiye tsohuwar mujallar a buɗe, ta ajiye kundin a gefenta.

"Ranka ya daɗe, na zo da wani gyara. Laifin namu ne mu biyu. Ni na buga, na ga gurbin ban tambaya ba, kai kuma ka rubuta."

Farfesa ya sa tabarau. Ya karanta ɗan layin, ya ɗauki kundin, ya duba bango. Ya fi minti biyar yana juya shafuka. Malama Sailuba na tsaye.

"Safiyatu," in ji shi. "Haka ne, sunanta ke nan. Na je duba ɗalibai masu koyon aikin koyarwa, na leƙa ajinta, na kasa fita. Na rubuta sunanta a wata takarda." Ya rufe kundin. "Zan ce miki takardar ta ɓata. Amma gaskiya ban neme ta ba. Da aka fara cewa dabarar Bashir, daɗi na ji, ban gyara wa kowa ba." Ya cire tabarau ya ajiye. "Tana raye?"

"Tana Kufena, ranka ya daɗe."

"To ki bar min shafin farko na wannan fitowar. Ni zan rubuta gyaran da hannuna."

Wannan ya sa duk lambobin shafuka suka goce, dole a sake tsara mujallar daga farko. Alhamis ta wuce. Malama Sailuba ta kwashi aikin ta tafi maɗaba'ar da ke Sabon Gari, ta sa kujera kusa da mai tsara shafi, kwana huɗu a jere tana zuwa tun safe, tana duba kowane shafi yana fitowa daga inji. Ranar ƙarshe ta wata, da azahar, Dakta Muhsin ya karɓi kwafinsa gam ɗin bango bai gama bushewa ba, ya hau babur ya nufi ofishin kwamiti. Ya samu shiga, saura awa ɗaya a rufe.

A Asabar ɗin da ta biyo, su uku suka tafi Kufena a motar Farfesa. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa ya gaida tsohuwar, ya faɗi sunansa da abin da ya yi, bai rage komai ba, ya nemi gafara. Malama Safiyatu ta ƙura masa ido.

"Kai ne dogon nan mai jar jaka, da ka zauna a bencin yara har ya karye?"

"Ni ne, Malama."

"To ai bencin ne ban yafe ba. Sauran Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Aka yi dariya, Farfesa yana goge ido da bakin hula. Malama Sailuba ta mayar mata da kundinta, sannan ta buɗe sabuwar mujallar a shafin manazarta. Da yake idon tsohuwar ba ya ganin ƙananan haruffa, sai ta karanta mata a bayyane: Audu, waƙafi, S., shekarar 1988, sunan kundin, sannan "kundin da ba a wallafa ba."

"Sake karantawa," in ji ta. Aka sake. Ta ɗora yatsa a kan layin, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Can ta ce, "Wannan na ƙarshen, ba a wallafa ba, me yake nufi?"

"Yana nufin ba a buga shi mutane su karanta ba."

"To me ya hana?"

A fitowa ta gaba, mujallar ta buga kundin sukutum, da sunan Safiyatu Audu a sama, tana da shekara saba'in da huɗu. Malama Sailuba ce ta sake buga shi kalma bayan kalma, ta tsara masa manazartansa guda biyar. Yau idan ka buɗe rubuce-rubucen masu wannan fanni, dabarar Safiyatu za ka gani. Farfesa Bashir ne ya fara kiranta haka a bainar taro.

Malama Sailuba, ke ce kika yi wannan. Ba ki da digiri, ba ki taɓa tsayawa gaban taro da lasifika ba, amma kin koya wa masu koyarwa abin da ba ya cikin manhaja: cewa bayan kowane suna da shekara a cikin baka biyu akwai mutum, mai gida da iyali da wahalar da ya sha. Kin ga kuskurenki na shekara goma sha takwas, ba ki rufe shi ba, kika fara ambaton kanki kafin ki ambaci maigidanki. Mai gyara ba tare da tozartawa ba, sannu da aiki.

Makon jiya editoci suka shirya shafin godiya da za a sa a fitowa mai zuwa, karo na farko da sunanta zai bayyana a mujallar da ta yi wa hidima tun tana budurwa. Sun so ya zama ba-zata, amma babu shafin da ke zuwa maɗaba'a bai bi ta teburinta ba. Washegari aka tarar da shi a ofishin edita, da ɗan rubutu a gefe: "Na gode ƙwarai. Amma a watan Maris na fara aiki, ba Fabrairu ba. Takardar ɗaukata tana fayil na biyu, shafi na huɗu."

Mun gyara, Malama. Mun kuma gode: a madadin marubutan da kika tsare wa mutunci, da ɗaliban da suka bi manazartanki suka sami littafin a inda kika ce yake, da tsohuwar malamar Kufena da ke ajiye mujalla biyu a akwatinta yanzu. Allah ya ba ki lafiya da hutu mai albarka, ya sa abin da kika yi ya tarar da ke a mizani.

Mu kuma da muka rage, malamai da ɗalibai da masu rubutu a waya, ba sai mun iya waƙafi da baka biyu kamar ita ba. Abin da ta bar mana ya fi haka sauƙi, ya kuma fi haka nauyi. Idan ka ɗauko magana, ka faɗi mai ita. Idan ba ka san shi ba, ka tashi ka nemo shi. Mai yiwuwa yana nan da ransa, unguwa biyu tsakaninku.